Na riƙe mutum a zuciya, ga kuma teburin Jibin Ubangiji a gabana

Tsohon malamin makaranta, Wusasa:

'Yan'uwana cikin Almasihu, ina gaishe ku da sunan Ubangijinmu Yesu. Akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, kuma tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi, zan fara da kaina kafin in roƙi kowa ya faɗi nasa. Mukan karanta Romawa 8:37 mu ce mun fi gaban masu nasara, mukan rera waƙoƙin nasara har murya ta dushe, amma ni yau shekara 3 ke nan ina wannan furuci alhali ba na iya haɗa ido da ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya.

Mahaifinmu ya bar mana gona a gindin dutsen Kufena. A tsohuwar majami'ar St. Bartholomew aka yi masa baftisma, wadda aka gina da ƙasa a 1929 lokacin da mishan ta taso daga cikin birnin Zariya zuwa Wusasa, kuma a cikin bangon Littafi Mai Tsarki nasa, bugun 1932, ya jera sunayenmu mu shida da hannunsa. Bayan rasuwarsa, ina bakin aiki a wata jiha, ƙanena ya yanka gonar filoti-filoti ya sayar ba tare da ya shawarci kowa ba. Da na dawo sai na tarar da harsashin gini a inda muke shuka dawa. Ban kai shi kotu ba, ban zage shi ba, sai dai na ɗauke masa gaisuwa, na kuma ɗauka cewa wannan shirun nawa haƙuri ne.

Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo da muke yi domin tunawa da mutuwar Almasihu, shi ne ya tona ni. Duk ranar da aka shirya tebur, limami ya ce mu yi wa juna gaisuwar salama, sai in ga ƙafafuna sun kai ni ɓangaren da ba ya nan, daga nan kuma in je in durƙusa in miƙa hannu in karɓi gurasa. Saboda haka nake tambaya: duk wanda ya taɓa zama a gaban wannan tebur da mutum a zuciyarsa, ya gaya mana abin da ya faru, da yadda ya fita, ko kuwa har yanzu yana ciki. Ina roƙo kada a ambaci sunan kowa.

Wata uwa a Zumuntar Mata, Sabon Gari:

Malam, Allah ya saka maka da ka buɗe wannan magana. Ni manja nake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, kuma mu 12 ne a Zumunta muka shiga adashi, kowace tana zuba naira 20,000 a wata. Na zaɓi kwasata ta faɗo a Satumba saboda kuɗin makarantar yara. Da watan ya kama, uwar adashi ta fara yi mini gobe da jibi, har daga baya ta fito fili ta ce kuɗin babu. 'Yata ta yi zango ɗaya cur a gida.

Abin da ya fi yi mini zafi shi ne, benci ɗaya muke zama da matar nan, zani ɗaya muke ɗaurawa, ni ina buga tukunya ita tana kaɗa kacau-kacau, muna rera yabo da baki ɗaya. Na yi azumi a kanta, kuma ba zan ɓoye ba, roƙona shi ne Allah ya kunyata ta a gaban jama'a. Sai na wayi gari ba na iya ƙarasa Addu'ar Ubangiji. Idan muna addu'ar dare da yara muka iso wurin da ake cewa a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, sai in yi shiru in bar su su wuce, in sake kamawa a gaba. Yarinyar da ta rasa zangon karatun ita ce ta tambaye ni wata rana, ta ce, "Mama, me ya sa kullum kike tsallake wurin nan?" Ban sami abin da zan ce mata ba.

Bayan kwana biyu na shirya na tafi gidan matar da niyyar in faɗa mata duk abin da ke cikina. Na tarar da maigidanta kwance a kan tabarma, ɓarin jikinsa ya shanye, kuma a inda keken ɗinkinta yake tsayawa babu komai sai alamar ƙafafunsa huɗu a kan siminti. Wannan bai wanke ta ba, domin amana ta ci, da ta faɗa mana tun farko da mun taru mun taimake ta. Amma maganar da na ɗauko ta mutu a bakina, muka durƙusa a ɗakin nan mu biyu muna kuka. Tana biya kaɗan-kaɗan, wani watan 5,000, wani watan babu, har yau ba ta gama ba. Ba mu sake ba ta riƙon kuɗi ba, kuma ina ganin daidai muka yi. Addu'ar kuwa yanzu ina ƙarasa ta.

Wani matashi mai walda, Tudun Wada:

Baba da Mama, ina gaisuwa. Na yi shekara 5 ina koyon walda a wurin wani maigida wanda dattijo ne a wata ikilisiya. Da lokacin 'yanta ni ya yi, sai ya ce ƙarfe ya ɓace a shago, ya ɗora mini, ya sallame ni hannu wofi. Na shiga yawon addu'ar kwana, irin wadda ake tsayawa har asuba ana kiran wuta ta sauka a kan maƙiyi, kuma duk lokacin da aka ce maƙiyi, fuskarsa nake gani.

Bayan kamar shekara ɗaya ya yi hatsari a kan babur, ƙafarsa ta karye, shagon ya rufe. Na tashi a gaban jama'a na ba da shaida cewa Allah ya yi mini yaƙi, aka tafa, na kuma ci Jibi a Lahadin nan da farin ciki. A lokacin na gaskata cewa nasarar da ake faɗa ke nan. Ba a jima ba na hangi ƙaramin ɗansa a Kwangila yana bin motoci da tiren ruwan leda a lokacin da sa'o'insa suke makaranta, yaron da nake goyawa a wuya in kai shi sayen alewa. Ya gan ni ya rugo da murna yana kirana Yaya. A daren nan na kasa barci, sai Karin Magana 24:17 ta faɗo mini, inda aka hana mu murna sa'ad da maƙiyi ya faɗi. Na koma wurin Fastonmu na ce ina so in janye shaidar da na bayar. Maigidan bai taɓa ba ni haƙuri ba, kuma har gobe bai wanke ni daga zargin sata ba, amma tun daga lokacin ni nake biyan kuɗin makarantar yaron ta hannun mahaifiyarsa.

Wata gwauruwa, Palladan:

Na karanta abin da kowa ya rubuta, kuma ina yi muku murna, amma ni ban kai inda kuka kai ba, ba zan yi ƙarya a gaban Allah ba. Maigidana ya rasu shekara 2 da suka wuce, kuma tun kafin mu share makoki 'yan'uwansa suka kwashe takardun gida da mota, suka bar ni da yara huɗu a ɗakin haya. Babban wansa yana cikin masu raba gurasa a majami'ar da muke zuwa. Wata 14 ke nan ban ci Jibi ba, idan aka fara shiri sai in ɗauki jakata in fita in zauna a gindin bishiya har a gama. Masu zuwa yi mini nasiha kowa cewa yake in yafe, babu wanda ya taɓa zuwa wurinsa ya ce ya mayar wa marayu haƙƙinsu. Ina roƙonku addu'a, domin na gaji.

Wani direba, Wusasa:

'Yar'uwa, Ubangiji ya share miki hawaye. Nawa ya bambanta da na sauran, domin wanda na riƙe ba shi da fuskar da na sani. Ranar Lahadi 17 ga Yuni 2012, da aka tayar da bama-bamai a majami'ar ECWA da ke Wusasa da kuma babbar majami'ar Katolika ta Christ the King a Sabon Gari, ina cikin waɗanda suka yi jigilar masu rauni da mota. Akwai yaron da na ɗauka da hannuna, da takalmin Lahadi ƙafa ɗaya, kuma ƙanshin da ya kama kujerun motar nan ya yi makonni bai fita ba.

Tun da ban san waɗanda suka aikata ba, sai na ɗora laifin a kan duk wani Musulmi da na sani. Akwai mai shayin da na yi shekaru ina karyawa a teburinsa, mutumin da ya zo sunan 'ya'yana ya kuma yi mini ta'aziyyar mahaifiyata, na daina ko kallon inda yake. A kwanakin dokar hana fita ya aiko ɗansa da burodi da sukari zuwa gidana, na ce a mayar masa. Ina zuwa sujada, ina cin Jibi, kuma a ganina wannan ƙiyayya kishin Ubangiji ce.

Shekara biyu na yi a haka. Ba wani abin mamaki ne ya faru ba, a nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba ne muka iso Ayyukan Manzanni 7, inda Istifanus yake roƙa wa masu jifansa gafara duwatsu suna sauka a kansa, aka kuma nuna mana cewa saurayin da yake tsaron tufafin masu jifan shi ne ya zama Bulus. Na tambayi kaina, shi da ya ga fuskokin masu kashe shi ya yafe, ni kuwa wanda bai yi mini komai ba nake hukuntawa. Washegari da asuba na je na zauna a bencin mai shayi. Bai tambaye ni inda na shiga ba, ya dai haɗa mini shayi yadda ya san ina sha, babu sukari da yawa. Har yanzu idan watan Yuni ya zagayo zuciyata takan tashi, sai in sake kai ta gaban gicciye, kuma na daina jin kunyar cewa wannan yaƙi ne da nake maimaitawa kowace shekara.

Baba Fasto mai ritaya, Samaru:

'Yata ta Palladan, da ke nake magana. Ina cikin aiki wani dattijon ikilisiya ya rubuta ƙara a kaina cewa na taɓa kuɗin gini. An bincika ba a sami komai ba, amma sai da na yi wata 8 ina miƙa masa gurasa da hannuna, hannun yana rawa. Kowace Asabar da dare nakan durƙusa in ce, "Ubangiji, ban iya ƙaunarsa ba tukuna, amma ina so in iya," kuma da wannan ɗan guntun nufi nake zuwa tebur. A 1 Korantiyawa 11:28 Bulus ya ce mutum ya auna kansa sa'an nan ya ci, bai ce ya auna kansa ya gudu ba. Teburin na Almasihu ne, ba na wan mijinki ba, kuma an shirya shi domin masu rauni irinki da irina.

Ki kuma sani cewa yafewa ba ta hana ki neman haƙƙin 'ya'yanki. Yakubu 1:27 ya ɗora wa ikilisiya nauyin marayu da gwauraye, saboda haka masu ce miki ki yafe su tsaya a nan sun yi rabin aiki ne. Ki kai maganar gaban dattawa a rubuce, idan suka kasa akwai hukuma, kuma babu zunubi a cikin hakan. Idan kin yarda, ni da matata za mu raka ki.

Tsohon malamin makaranta, Wusasa:

Na gode muku duka. Maganar ɗan'uwana direba ce ta fi taɓa ni, domin ni ma na sa wa gabar da nake yi da ƙanena suna mai kyau. Na sake karanta Matiyu 5:23-24, inda Ubangiji ya ce a bar baiko a gaban bagadi a je a shirya da ɗan'uwa tukuna, na ga cewa shekara 3 ina jiran ƙanena ya zo, don ni ne babba kuma ni aka cuta. Iyayenmu sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Jiya Asabar da yamma na ɗauki Littafin mahaifinmu na tafi gidansa. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma tana ta kallona, shi kuwa ya daɗe a ɗaki kafin ya fito. Na gaya masa cewa abin da ya yi ya cuce mu, musamman ƙannenmu mata da ba su sami ko kwabo ba, kuma sai mun zauna mu shida a kan wannan. Na kuma roƙe shi gafarar gabar da na yi da shi. Bai ce ya yi kuskure ba. Ya karɓi Littafin ya buɗe bango, ya sa yatsa a kan sunansa da ke ƙarƙashin nawa, ya daɗe bai ɗago kai ba, daga bisani ya tambaye ni ko zan bar masa shi ya kwana a wurinsa. Na bar masa. Mun sa ranar zama da sauran 'yan'uwa a ƙarshen wata, kuma ina roƙo ku riƙa tunawa da mu, tare da 'yar'uwarmu ta Palladan.