Bentonait ya ƙi cire finol daga ruwan matsar zaitun

Assalamu alaikum. Ina bincike a Safakis ta Tunisiya kan baƙin ruwan da ke fita daga injinan matsar man zaitun, wanda 'yan nan ke kira marjin. Yau sati uku ke nan abu ya cije mini.

Da na gwada bentonait (wani irin yumɓu) da finol zalla (sinadarin da nake so in cire daga marjin ɗin) a ruwan da aka tace, ya ɗan zuƙe shi. Amma da na zuba gram 5 na bentonait a marjin lita ɗaya mai pH (ma'aunin tsami) 4.8, na kaɗa awa 24, awon Folin-Ciocalteu (gwajin yawan finol) a hasken 765 nm bai nuna wani raguwa na kirki ba. Na ninka yumɓun sau uku, sai ya kumbura ya zama kamar kunu, takardar tacewa ta toshe cikin minti biyu. Na koma ziyolait (wani ma'adini mai ƙananan ƙofofi), ruwan ya ɗan yi haske kawai, awon finol ɗin bai canza ba.

Abin da ke damuna, maiƙo na taruwa a saman kwalba, ina zargin shi ke rufe ƙofofin yumɓun kafin finol ya isa.

Don Allah, wanda ya taɓa wannan aiki: in fara cire maiƙon da hekzan (sinadarin narkar da mai) kafin in zuba yumɓu, ko kuwa sai na gyara bentonait ɗin da CTAB (wani sinadari dangin sabulu)?