In haddace su "moreover" ne ko in nemi mai duba rubutuna?

Mai Neman Sani: Salam 'yan'uwa. Saura wata ɗaya in zauna IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci. A rubutu na biyu, mai kalma 250 cikin minti 40, jimlolina a warwatse suke fita. An ba ni jerin kalmomin haɗi in haddace. In bi haddar ne, ko in nemi malamin da zai riƙa duba min rubutu? Nahawu ba ya ba ni wahala, haɗa magana ce matsalar.

Dogo: Koma ka koyi nahawu daga farko kawai.

Mai Neman Sani: Yaya, ai na ce ba nan ne ciwon ba.

Uwar Biyu: Ƙanena, kar ka yarda da hadda. Malamin da ya koyar da mu cewa ya yi kowace jimla a buɗe ta da furthermore ko moreover. Haka na jera su har ƙarshen takarda. Sakamako ya fito, rubutu ne ya ja ni ƙasa, gurbin karatun ya wuce ni ina ji ina gani. Haɗin magana kashi ɗaya ne cikin huɗu na makin rubutu, kuma ma'aunin masu dubawa ya ambaci yawaita waɗannan kalmomi a matsayin rauni. Mutumin nan bai taɓa faɗa mana ba.

Malam Mai Alli: Gaskiyar Hajiya. Abin da nake yi wa jan biro kullum shi ne although da but a jimla ɗaya. Ɗaya ta isa. Despite suna take bi, ba a sa mata of. However kuma ba ta ɗaure jimla biyu da waƙafi kawai, sai an sa aya ko waƙafi mai ruwa (;) kafin ta.

Dogo: Malam, ka taɓa zama jarrabawar kuwa? Ni da hadda na ci.

Malam Mai Alli: Cin mutum ɗaya ba ƙa'ida ba ce.

Ɗan Autan Aji: Dogo ko gaisuwa da nevertheless yake farawa 😂

Uwar Biyu: Ku bar raha. Ni har yau abin da ke ƙona min rai, wa ke tantance masu buɗe ajin nan? Na koma da takardata in ji bayani, ko ɗaga kai bai yi daga wayarsa ba.

Dogo: Namu ma rabin darasin bai zo ba. Hajiya, ke an mayar miki da wani abu?