Turmina ya fara girgiɗi: a cire ko a yi aikin gyaran ƙashi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawara daga Mabera. Turmina na ƙasa, ɓangaren dama, dasashinsa ya daɗe yana jini in na yi asuwaki. Likita ya zura wani siririn ƙarfe mai awo tsakanin haƙorin da dasashi, ya ce ramin ya kai milimita 7, hoto kuma ya nuna ƙashin da ke riƙe da shi ya zaizaye. Ya ce akwai ƙaramin aiki da ake yi ƙashin ya sake tofowa. Maigida ya ce a cire kawai a huta, ni kuwa da shi nake tauna. Ina da ciwon suga. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya.

Wata 'yar'uwa daga Arkilla: Wa alaikumus salam. Yaya, kada ki yi gaggawar cirewa. Ni an cire mini na ƙasa, na sama ya riƙa saukowa saboda ba abin da ya tokare shi. Allah ya ba ki lafiya.

Wani likitan haƙori: Hajiya, aikin gaskiya ne. Likitocin Italiya biyu, Cortellini da Tonetti, su suka bayyana wannan salon a 2007. Ana ɗan tsaga dasashi daidai wurin kawai, a ɗaga shi kaɗan, a kankare saiwar haƙorin tas da taimakon gilashi mai ƙara girma, a cike ramin da garin ƙashi ko maganin da ke zaburar da tofowa, a ɗinke da zare siriri. Da allurar kashe zafi ake yi, ranar za ki koma gida.

Amma ba kowane rami ne ke cika ba. Wanda ya nutsa ƙasa, mai ƙunci, da bangon ƙashi kewaye da shi, shi ne ke amsawa. In ƙashin ya zaizaye bai ɗaya ta ko'ina, ba ya dawowa. Turmin ƙasa saiwa biyu gare shi, na sama uku. In cutar ta shiga tsakanin saiwoyin amma ba ta ɓulla ɗaya gefen ba, akwai fatan nasara sosai, musamman a na ƙasa irin naki. In ta ɓulla, da wuya. Ki tambayi likitanki wanne ne naki.

Kuma ba da tiyata ake farawa ba. Sai an fara wanke kantsar da ke ƙarƙashin dasashi, a jira makonni a sake awo. Wasu ramukan nan suke tsukewa. Abin da ya fi damuna sugan ne: in bai daidaita ba, wurin ba ya warkewa da kyau, aikin ya tashi a banza.

Wani dattijo daga Runjin Sambo: Likita, garin ƙashin nan na mene ne? Mu musulmi ne.

Likitan: Baba, tambayarka a wurinta take. Maganin da ake kira Emdogain daga haƙoran alade ake samo shi, haka ma wasu 'yan fatun da ake rufe ramin da su. Bio-Oss na ƙashin saniya ne. Akwai kuma garin da ake haɗawa a masana'anta ba dabba a ciki, akwai wanda ake tacewa daga jinin mutum kansa. Hajiya, ki nemi a faɗa miki sunan abin da za a sa miki kafin ki yarda, hukuncinsa kuma ki kai wa malamai.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, wallahi wannan bai taɓa zo mini a rai ba. Zan je sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo in ji ra'ayi na biyu. Likita, kafin nan in bar asuwaki a wurin tunda yana jini?

Likitan: A'a, kada ki bari. Ki goge a hankali da buroshi mai laushi safe da dare, ki nemi ƙaramin buroshin da ke shiga tsakanin haƙora. Ki tafi da hoton da sakamakon gwajin suganki.