Gumin tafin hannu da ƙafa ya hana ni sakewa: shin tiyata ce mafita?

Ɗalibi Mai Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana lafiya da kuma waɗanda suka taɓa fama da irin wannan lalura. Shekaruna 23, kuma tun ina makarantar sakandare tafin hannuwana da tafin ƙafafuna suke tsiyayar da gumi, ko ana zafi ko ana sanyi, ko ina aiki ko ina zaune kurum. Takardar jarrabawa takan jiƙe kafin in kammala rubutu, waya ba ta gane zanen yatsana, gaisawa da mutane kuwa ta zame mini abin fargaba. Abin da ke ba ni mamaki shi ne idan na yi barci gumin yakan tsaya cak, sai na farka ya dawo. Mahaifina ma yana da irinsa, sai dai nasa bai kai nawa ba. Wasu sun ce mini tsoro ne kawai, wasu sun ce alamar ciwon zuciya ce. Na ji ana yin wata tiyata da ke tsayar da shi baki ɗaya. Shin wannan cuta ce da likitoci suka sani, kuma tiyatar ta dace da ni?

Likitan Fata:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lalurar sananniya ce, sunanta a likitance haifahaidirosis, kuma ba kai kaɗai ba ne: wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2004 ya ƙiyasta cewa kashi 2.8 cikin ɗari na mutanen ƙasar suna da ita, wani kuma na 2016 ya kai adadin kashi 4.8.

Jikin mutum yana da ƙwayoyin fitar da gumi tsakanin miliyan 2 zuwa miliyan 4, kuma sun fi yawa a tafin hannu da tafin ƙafa. Jijiyoyin da mutum ba shi da iko a kansu ne suke ba su umarnin aiki domin a sanyaya jiki. A wurin mai irin lalurarka ƙwayoyin lafiyarsu ƙalau, yawansu ma bai wuce na kowa ba. Umarnin ne yake zuwa fiye da kima, a lokacin da jiki ba ya bukatar sanyi.

Abu na farko da likita zai so ya tantance shi ne wane iri ne daga cikin biyu. Iri na farko ba wata cuta ce take haddasa shi ba. Alamominsa su ne ya shafi wurare ƙayyadaddu kamar tafin hannu, tafin ƙafa, hammata ko fuska, ya kama dama da hagu daidai wa daida, ya fara kafin shekara 25, ya zo aƙalla sau ɗaya a mako, ya tsaya idan an yi barci, kuma sau da yawa a sami wani a dangi mai irinsa. Bayaninka ya dace da wannan ƙwarai, duk da cewa ba a yanke hukunci kan mara lafiya ba tare da an gan shi ba. Iri na biyu shi ne wanda ya fi tayar mana da hankali, domin gumin alama ce ta wani abu da ke ɓoye: yawan aikin ƙullin tayirod da ke maƙogwaro, faɗuwar suga a jinin mai ciwon suga, tarin fuka, cutar ƙanjamau, wasu ire-iren kansar jini, ɗaukewar jinin al'ada ga mata, ko kuma illar wasu magunguna irin su tiramadol da magungunan ciwon damuwa. Wannan yakan game jiki duka, yakan fara bayan mutum ya girma, kuma ba ya barin mutum ko a cikin barci. Duk wanda yake tashi da dare ya tarar da rigarsa da zanen gado sun jiƙe sharkaf, ga rama, ga zazzaɓi, ko tarin da ya wuce mako biyu, ko ƙaluluwa da ta ƙi sacewa, to asibiti ya kamata ya nufa ba tare da jinkiri ba.

Game da zuciya, gumin da ke nuna ciwon zuciya yakan zo ne farat ɗaya, mai sanyi, tare da ciwon ƙirji ko ƙuncin numfashi, kuma wannan na gaggawa ne. Gumin da ya shekara da shekaru a tafin hannu ba shi ne wannan ba. Tiyata kuwa ita ce matakin ƙarshe, kuma ban ga a bayaninka cewa ka gwada ko matakin farko ba.

Abokin Fama:

Ɗan'uwa, ina so in yi magana a kan masu cewa tsoro ne kawai, domin ni ma na daɗe ina jin wannan. Gaskiya ne cewa fargaba tana ƙara gumin, amma a wurina gumin ne ya riga fargabar zuwa. Mutum yana tunanin za a miƙo masa hannu, tunanin ya ƙara jiƙa hannun, jiƙewar ta ƙara tunanin. Wanda bai da lalurar ba zai fahimci cewa ana iya zama cikin kwanciyar hankali a ɗaki mai sanyi hannu yana ɗiga ba.

Abin da ya yi mini amfani shi ne na'urar da ake kira ayontoforesis. Ana zuba ruwan famfo a faranti biyu, a sa hannuwa ko ƙafafu a ciki, sai na'urar ta tura wutar lantarki mai rauni ta cikin ruwan na kimanin minti 20 zuwa 30. Da farko ana yi sau da yawa a mako har gumin ya ragu, daga nan sai a koma yi jefi-jefi domin kada ya dawo. Yana sa fata tsikari, kuma idan akwai yanka a hannu sai an rufe shi da man basilin, in ba haka ba zai yi zafi. Aibinsa shi ne yana bukatar juriya, domin da zarar an daina, bayan 'yan makonni gumin yakan dawo yadda yake. Mai juna biyu da wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya ba sa amfani da shi.

Ka kula da ƙafafunka ma, domin damshin da ba ya yankewa yana jawo cin ruwa tsakanin yatsu da wari mai ƙarfi. Canza safa a tsakiyar yini da barin takalmi ya bushe sosai kafin a sake sa shi sun rage mini wannan matsala.

Mai Harhaɗa Magunguna:

Zan ƙara bayani a kan matakin farko da Likita ya ambata, domin a nan ne mutane da yawa suke yanke ƙauna ba gaira ba dalili. Akwai bambanci tsakanin turaren hammata mai kashe wari da maganin da ke toshe ƙofofin gumi. Wanda ake nufi shi ne mai ɗauke da sinadarin aluminiyam kulorayid, wanda ƙarfinsa yakan kai kashi 20 cikin ɗari. Da dare ake shafa shi, a kan fatar da ta bushe sarai, a wanke da safe, saboda a lokacin barci ne ƙwayoyin gumi suke hutawa har maganin ya samu ya shiga ya toshe su. Wanda ya shafa da safe a kan jiƙaƙƙen hannu, gumi zai wanke maganin, kuma haɗuwarsa da ruwa tana sa ƙaiƙayi da ƙuna, sai ya ce maganin ba ya aiki. Dole in faɗi gaskiya cewa ya fi tasiri a hammata fiye da tafin hannu, inda fata take da kauri, amma ya cancanci a gwada shi na wasu makonni.

Akwai kuma ƙwayoyi na sha, kamar okzibutinin da gilaikofirolet, masu tare saƙon da jijiya ke aika wa ƙwayoyin gumi. Suna aiki, sai dai ba sa zaɓen wuri: suna busar da baki, suna sa gani ya yi dishi-dishi, suna kawo taurin ciki da wahalar fitsari, kuma tunda suna rage gumin jiki duka, mai aiki a cikin rana yana iya galabaita da zafi. Kada kowa ya saye su da kansa ba tare da takardar likita ba, musamman mai hawan jinin ido.

Ɗalibi Mai Tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Likita, idan duk waɗannan suka gaza, me ya rage kafin tiyata, kuma mene ne haɗarinta da ya sa kuke ɗari-ɗari da ita?

Likitan Fata:

Saura allurar Botox, wadda ke tare saƙon da jijiya ke aika wa ƙwayoyin gumi a wurin da aka soka ta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita domin gumin hammata mai tsanani a 2004, kuma likitoci suna yin ta a tafin hannu ma. Tana tsayar da gumin na watanni, sannan a maimaita. A tafin hannu tana da zafi sosai domin ana soka ta a wurare da yawa, kuma wani lokaci riƙon hannu yakan yi rauni na ɗan lokaci, abin da ɗalibi mai yawan rubutu ya kamata ya sani tun kafin a fara.

Ita tiyatar ana yin ta ne ta ƙananan kafofi a gefen ƙirji, a yanke ko a matse jijiyar da ke kusa da ƙashin baya wadda take kai umarni zuwa hannuwa. Hannun yakan bushe nan take, kuma akwai waɗanda suka ji daɗin sakamakon. Matsalar ita ce mafi yawan waɗanda aka yi wa suna samun ƙarin gumi a wani wuri, a baya, ciki ko cinyoyi. A wurin wasu kaɗan ne, a wurin wasu kuwa yakan jiƙa tufafi har ya fi na farkon damuwa, kuma babu hanyar da za a san tun farko wanda zai fi shafa. Jijiyar da aka yanke ba a cika iya mayar da ita ba. Haka kuma wannan tiyata ta hannu ce, ba a yin ta domin ƙafa, saboda haka rabin kukanka zai iya kasancewa yadda yake.

Shawarata ita ce ka fara ganin likita ya duba ka, ka faɗa masa duk maganin da kake sha, idan ya ga da bukata ya auna suga da aikin tayirod. Daga nan ka fara da maganin shafawa da dare, idan bai wadatar ba ka nemi na'urar da Abokin Fama ya bayyana, wadda ta fi dacewa da mai gumin hannu da ƙafa a lokaci guda.