Neman kalma: me za mu kira sauya wa shafukan PDF mazauni?

Malamar kwamfuta: Assalamu alaikum. Ina da aji ranar Asabar, kuma gobe da yamma zan kai takardar darasi wurin bugawa. Ɗalibaina mata ne, yawancinsu masu neman aiki. Sukan ɗauki hoton takardun shaidarsu da waya su haɗa su cikin fayil ɗaya na PDF, sai a tarar takardar haihuwa ta faɗa tsakiya, sakamakon sakandare ya koma ƙarshe. Ina so in koya masu yadda ake buɗe ƙananan hotunan shafukan, a ja na biyar a ajiye shi gaban na biyu. A manhajar an rubuta reorder pages. Na sa "sake tsara shafuka", amma bai kwanta mini ba. Don Allah a taimaka.

Bazazzagi: Wa alaikumus salam, Malama. "Sake jera shafuka." Tsari ya yi faɗi. Wanda ya ƙara girman rubutu ko ya faɗaɗa gefen takarda shi ma tsara shafi ya yi. Jeri kuwa ba ya nufin komai sai wane ke gaba, wane ke bin sa.

Ɗan Damagaram: Na goyi bayan jera. Roƙona ɗaya, kar a sa "feji". A wajenmu nan ba da Ingilishi aka yi boko ba, amma shafi kowa ya san shi.

Ɗalibin jami'a: Me zai hana "juya shafuka"?

Malamar kwamfuta: A'a ƙanena, juya na da aikinsa. Akwai maɓalli na dabam na miƙar da shafin da ya fito a kwance ko kai ƙasa, kuma shi na riga na ba wa "juya". Haka "gyara" na bar wa taɓa rubutun ciki.

Tsohon malamin Larabci: 'Yata, ba a yau aka fara wannan aiki ba. Alƙur'ani rubutun hannu da littattafan malamanmu ba a ɗinke suke ba. Warƙoƙi ne a sake, a sa su cikin tadarishi, wato bangon littafi, a zura a gafaka. Shi ya sa marubuci kan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ya gama, don in iska ta watsa su ko almajiri ya hautsina, a bi kalmomin nan a mayar da kowace mazauninta. Sunan wannan aiki tartibi. Na daɗe ina ba da shawarar a ƙera aikatau daga gare shi: "tartibta shafuka". Kalma ɗaya, ba sai an jingina ta da "sake" ba.

Bazazzagi: Allah ya gafarta malam, tarihin ya yi daɗi, amma "tartibta" ba ta fita a baki. T uku cikin gaɓa uku. In Larabcin ake so ai muna da "rattaba", sai dai ita kuma hannu ya riga ya cinye ta. Ka ce wa mai neman aiki ta rattaba, biro za ta nema.

Tsohon malamin Larabci: Kowace kalma baƙuwa ce ran da aka fara jin ta. Shafin da kuke ta faɗa daga ina ya zo? Ba daga Larabci ba?

Mai kishin harshe: Nan ne matsalarmu take. Wannan ya ja mu Larabci, wancan ya ja mu Turanci, kamar Hausa marainiya ce. Ita kanta mai tambaya ta sa wa kanta suna da "kwamfuta" alhali muna da na'ura mai ƙwaƙwalwa. Sai kuma "fayil". Ina "kundi" ya tafi?

Tsohon ma'aikacin rediyo: Ranka ya daɗe, ita ma na'ura aro ce daga Larabci. Shekaru na yi ina fassara labarai cikin gaggawa, kuma abin da na koya shi ne mai sauraro ba ya jira ka gama kalma mai gaɓa bakwai. Kundi kuma a kunnen ɗan jami'a aikin kammala digiri ne, a kunnen wani littafin asiran malam. Tun da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939 ake aro ana daidaita shi da bakinmu, Hausa ba ta mutu ba.

Mai kishin harshe: Ku 'yan rediyo ku kuka saba wa mutane da sauƙin banza. Kuma kullum Hausar Kano da Zariya ce ma'auni, kamar mu na yamma ba mu da baki.

Bazazzagi: Wa ya kawo maganar Kano a nan?

Malamar kwamfuta: Iyayena, don girman Allah a dawo kan shafuka. Takarda ɗaya zan buga, kuma ina so matan nan su fita daga aji sun iya abin da hannunsu.

Malamar Islamiyya: 'Yar'uwa, ga wata da ɗalibanki suka sani tun suna yara: "jeranta". A darasin alwala muna cewa jeranta farillai, wato fuska kafin hannuwa, hannuwa kafin shafar kai. Ita ce fassarar da muke yi wa tartibin da Malam ya kawo. Bambancinta da jera shi ne, kina iya jera kwanuka a kanta ba ruwanki da wanda ya riga wani, amma ba kya jeranta abu sai kowanne ya bi wanda ya kamata ya bi.

Tsohon ma'aikacin rediyo: Wannan ta zauna. Kuma a bar ta a umarni tsura, "Jeranta shafuka", ba ka ba ki, don ta yi wa namiji da mace.

Bazazzagi: Ban ƙi ba, amma akwai gyara. Manhajar ba ta san daidai ba. Mutum na iya kai shafi na ɗaya ƙarshe da gangan, kuma shi ma aikin maɓallin ne. Jeranta na ɗauke da hukuncin cewa an daidaita, "sake jera" ba ta ɗauke da shi. Sannan Malama, ki gaya masu lambar da aka buga a ƙasan shafi ba ta sauyawa don an matsar da shi. Shafin da ke ɗauke da 5 zai ci gaba da nuna 5 ko da ya koma na biyu. Kar kowa ya fassara abin da "sake lamba".

Tsohon malamin Larabci: Jeranta 'yar tartibi ce, don haka ba zan yi jayayya da ita ba. Amma ni a rubutuna "tartibta" zan ci gaba da sawa.

Mai kishin harshe: Aƙalla tushenta Hausa ne. Maganar fayil kuwa ban janye ba.

Malamar kwamfuta: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. A kan darasin zan sa "Jeranta shafuka", a cikin bayani in yi amfani da "sake jera" inda ake matsar da shafi ɗaya. Gargaɗin lamba ma na ƙara shi. Saura jan shafi da yatsa a sake shi a sabon wuri: na rubuta "ja ka ajiye", ga shi kuma ajin duk mata ne.

Ɗan Damagaram: "A ja a ajiye."

Bazazzagi: Ajiye za ta yi karo da maɓallin adana fayil. A bar wannan sai bayan Asabar.