An ba ni ajin Hausa SS2, don Allah malamai ku ba ni shawara

Sabon Malami: Assalamu alaikum. Bara na gama NCE Hausa, yanzu wata makarantar kuɗi ta ɗauke ni, an ba ni SS2 yara 64, darasi biyu kacal a sati kowanne minti 40. Ranar farko na ce su rubuta insha'i a kan hawan Sallah, wallahi da na kai gida na fara dubawa sai da kaina ya sara, "ya na" a rabe, "shine" a haɗe, ba mai sa ƙugiya ko ɗaya, wata ma ta rubuta min "ngd mlm" a ƙasan takarda. Kuma yara 5 ne kawai ke da littafin adabin. To in ajiye jadawalin in cinye zangon nan a ƙa'idojin rubutu, ko in shiga waƙa da zube yadda aka tsara? Sannan in yi musu fotokwafi da kuɗina su biya ni daga baya?

Abu Fatima: Wa'alaikumus salam, Allah ya sa albarka. Ka koma ka yi digiri kawai malam, NCE yanzu ba ta kai mutum ko'ina.

Uwar Biyu: Ka fara musu da tatsuniya da kacici-kacici, 'yan aji ukuna har rububin amsawa suke.

Sabon Malami: Malama SS2 fa na ce, wasunsu har gemu ya fara fitowa 😅

Tsohon Alli: Ɗan'uwa kar ka kuskura ka taɓa fotokwafin nan, ni ya ci. Shekara 6 na yi a wata makarantar kuɗi, na ga yara za su shiga WAEC ba su taɓa riƙe littafin wasan kwaikwayon ba, na cire daga albashina na buga musu, na zauna da dare ina haɗawa da sitefula matata na taya ni jerawa a kan tabarma. Cikin 50 mutum 11 suka biya. Sai wani uba ya zo da babbar riga yana ɗaga murya a ofis wai ina kasuwanci da 'ya'yansu, mai makarantar da bakinsa ya ce min in yi, amma ranar ko kallona bai yi ba, aka yanke min rabin albashi, ƙarshen zango aka ce in huta. Ragowar takardun har yau suna cikin kwali a ƙarƙashin gado, ɓera ya cinye fitowa ta uku.

Uwar Biyu: Innalillahi, Allah ya bi maka haƙƙinka malam.

Ɗan Sabon Gari: Ai fotokwafin ma yanzu naira 50 ne shafi, ka lissafa sau 64 ka gani.

Abu Fatima: Wane 50? Jiya na yi a 25 a bakin jami'a, in da yawa ne har ragi suke yi.

Ɗan Sabon Gari: Da wutar NEPA ka yi, je ka lokacin da aka tada janareto.

Dr. Harshe: Ba a gina adabi a kan rubutu maras tushe. Ka fara da raba kalma da haɗe ta, "shi ne" a rabe, "yana" a haɗe, "a kan" tebur daban "akan" yi daban. Kuma kwafe littafin marubuci gaba ɗaya cin haƙƙinsa ne, wannan ma ya isa dalili.

Tsohon Alli: Ranka ya daɗe da girmanka, yaushe rabonka da tsayawa gaban yara 60 da rana tsaka fanka ba ta juyawa? Ku a jami'a ɗalibi ke bin ku, mu mai makaranta ke bin littafin darasinmu duk Litinin, in ya ga ka kauce wa jadawali takardar tuhuma ce.

Dr. Harshe: Na koyar a sakandare shekara 9 kafin in tafi, kuma irin yaran da kuke turo mana ne ba sa bambance fada da faɗa.

Bakin Ganga: hhhh ni dai wayata bata da kugiya, in na rubuta mun yi baki kowa ya fassara yadda yaga dama

Uwar Biyu: Kai ne ma ya kamata a maida SS2 ɗin 😂

Malama Zariya: Ni minti 10 na farko nake shifta, jimla biyar daga cikin littafin adabin, su yi musayar littafi su gyara wa juna da jan biro, sai mu ci gaba da karatun. Amma abin da ke ƙona min rai daban ne, yaro ya fita ajina ya yi Hausa a baranda a ci shi tarar "banakula", to yaushe zai ɗauki darasin da daraja?

Ɗan Sabon Gari: Mu a tamu har allo ake rataya wa yaro a wuya.

Tsohon Alli: Kuma ranar taron iyaye malamin Hausa ake sa wa jera kujeru, na lissafi yana zaune kusa da mai makaranta.

Sabon Malami: Nagode duka, amma zancen jadawalin fa? Gobe Talata ina da su ƙarfe 8.

Abu Fatima: Tukuna ma, nawa suke biyanka a wata?