Haraji ko kasuwar takardun hayaƙi: wanne ya fi rage kabon?

Malamin Tattali: Ra'ayina shi ne harajin kabon kai tsaye, wato kuɗin da ake biya kan kowane tan na hayaƙin da ke ɗumama duniya, ya fi kasuwar takardun izinin fitar da hayaƙi, wanda bai yarda ba ya kawo hujja. A tsarin kasuwa hukuma ke ƙayyade yawan tan ɗin hayaƙin da za a fitar, ta raba takardun da kamfanoni za su saya su sayar, farashi kuma ya nema wa kansa matsaya. Tarayyar Turai ta fara a 2005. Aka raba takardu fiye da hayaƙin da ake fitarwa, ba a kuma yarda a ajiye su zuwa zango na gaba ba, sai farashin ya faɗi kusan sifili a 2007. A 2013 ya sauka ƙasa da Yuro 5 kan tan, a farkon 2023 ya haura 100. Mai gina masana'antar da za ta yi shekara 40 tana aiki, da wane farashi zai yi lissafi? Suwidin kuwa tun 1991 take karɓar haraji, kowa ya san abin da zai biya baɗi.

Hajiya Mai Lissafi: Malam, wajen sauƙin karɓa ina tare da kai. Ba sai an bi bututun hayaƙi ɗaya-ɗaya ba, a matatar mai, bakin mahaƙar kwal da tashar jirgin ruwa ake cajewa. Litar fetur tana fitar da kusan kilo 2.3 na hayaƙin kabon, ke nan harajin dala 50 kan tan ɗaya zai ƙara kusan santi 11 da rabi kan kowace lita. To a nan gizo ke saƙar, domin mai mota yana ganin ƙarin ƙuru-ƙuru a kan famfo. Faransa ta dakatar da ƙarin nata a ƙarshen 2018 bayan zanga-zangar masu rigar ɗorawa. Ostireliya ta fara da dalarta 23 kan tan a 2012, ta soke a 2014. Kanada ta riƙa mayar wa iyalai kuɗin ma, duk da haka ta janye na masu sayen mai a 2025. Ina tabbas ɗin da kake faɗa idan zaɓe ɗaya zai share shi?

Malamin Tattali: Hajiya, ai laifin siyasa ne wannan, ba na haraji ba.

Hajiya Mai Lissafi: A wace ƙasa ake yin haraji babu siyasa?

Injiniya: Ku gafarce ni, ku biyun kun ɗauka farashi kaɗai ke sauya fasaha. Ku dubi siminti. Fiye da rabin hayaƙinsa daga dutsen da ake yin sa da shi yake fitowa sa'ad da ake gasa shi a wuta mai zafin kusan digiri 1,450, ba daga makamashin ba. Ko an canza mai, wannan kason na nan. Ƙaramin haraji ba zai sa mai kamfani ya sayi na'urar kama kabon ba, zai biya ne ya ɗora wa mai saye. Abin da ke aiki a nan ƙa'ida ce: a rage ƙulun da aka gasa a cikin kowane buhu, a cike da tokar kwal, dattin narka ƙarfe ko gasasshen yumɓu, gwamnati kuma ta ƙi sayen wanda ya wuce ma'auni a kwangilolinta. Haka ma sola. Dokar Jamus ta 2000 ta lamunce wa mai farantai tsayayyen farashi na shekara 20, banki ya saki bashi, masana'antu suka yawaita, farashin farantan ya zube. Ba kasuwar takardu ce ta yi wannan ba.

Hajiya Mai Lissafi: Amma fa Injiniya, a takardar kuɗin wuta aka riƙa cirar tallafin, har da ta ɗan haya da ba shi da rufin da zai ɗora faranti. Sannan ƙa'ida sai da mai dubawa. Motocin dizal nawa suka ci gwaji a ɗakin awo suka faɗi a kan titi a 2015?

Injiniya: Gaskiya ne, shi ya sa yanzu ake gwada su a kan titi da na'urar awo a bayan mota.

Malamin Tattali: Bari in ɗan sassauta. Birtaniya ba ta fita daga kasuwar ba a 2013, ƙarin haraji ta ɗora wa tashoshin wuta a kan farashin takardu, ya kai fam 18 kan tan. Kwal yana fitar da kusan ninki biyu na hayaƙin iskar gas a kowane ma'aunin wuta, don haka nan da nan ya zama mai tsada. A 2012 kusan kashi 40 cikin 100 na wutarsu daga kwal ne, a Satumba 2024 suka rufe tasha ta ƙarshe.

Injiniya: Ka manta sun sa wa kwal wa'adi tun 2015, Malam. Wa zai kashe kuɗin gyara tukunyar tururin da aka riga aka yanka mata rana?

Hajiya Mai Lissafi: Kuma suna da tashoshin gas a ƙasa da za su koma kansu. Inda babu abin sauyawa, fam 18 ɗin tsadar wuta kawai zai haifar.